Ƙodar Hassan da Mawaƙin Ƙasar Cek

Na gaji da jin labarin barowarmu Riyad a bakin mutanen da ba su san hawa ba, ba su san sauka ba. Wani ya ce korata aka yi, wani ya ce rigima na yi da Balarabe. Ke kuma Ummi, da kike 'yar fari, kin fi kowa saurin yanke hukunci: wai Baba ya tashi rana tsaka ya watsar da rayuwar 'ya'yansa saboda ɗan'uwansa. To ga shi zan rubuta muku da hannuna, ke da ƙaninki Sadiƙu, ku karanta ko ina raye ko ba na raye. Kar ku ɗauka roƙon gafara nake. So nake ku san yadda abin ya faru, don akwai mutum biyu a cikin labarin da ban taɓa ba ku labarinsu ba. Ɗaya Bature ne da na yi aiki da shi, ɗayan kuma ya mutu kusan shekara ɗari biyu kafin a haife ni.

Kun san ni da Baffanku Hassan tagwaye ne, kama kamar an tsaga kara. Mahaifinmu ya rasu ya bar mana injin niƙa a Funtuwa, irin mai ƙarar nan da sai ka ɗaga murya kafin na kusa da kai ya ji. Ni na tsani garin da ke shiga hanci da ido, Hassan kuwa ko a jikinsa. Da na gama karatun jinya na ƙware a sa marasa lafiya barci a ɗakin tiyata, sai aiki ya samu a wani asibitin kuɗi a Riyad. Na ce masa na bar masa rabona na injin. Ya ce Allah Ya kiyaye hanya, ko ɗagowa bai yi daga kan bel ɗin injin da yake gyarawa ba. Haka yake, ba ka gane abin da ke ransa. A can aka haife ku ku biyu, a unguwar Al-Badi'a kuka yi rarrafe, kuka tashi da Larabci a baki, Hausa kuwa sai an matsa muku. Ni kuma shekara ta yi ta bin shekara, a asibitin ba wanda ya damu da sunana. “Nijiri” suke kirana, wato ɗan Najeriya, tun daga mudir mai shugabantar asibitin har mai shara.

A shekarar da nake ba ku labari aka haɗa ni aiki da wani likitan hanci da maƙogwaro, Dokta Karel, mutumin ƙasar Cek. Dogo ne, ya manyanta, ba mata ba ɗa, ga faɗa kamar zakara, amma hannunsa a tiyata ban ga irinsa ba. Ba ya ɗaukar wuƙa sai an kunna masa kiɗa, kiɗan ma wani iri: goge barkatai, sai wata mata ta kama kururuwa ba ji ba gani. Ni da na saba buɗe safiyata da karatun Alƙur'ani, abin ya dame ni ƙwarai. Na daure na daure, ranar nan dai na kasa.

“Dokta, don Allah matar nan wa ya taka mata ƙafa?”

Ya yi dariya ta cikin takunkuminsa.

“Husen, ba ka da kunne. Ɗan ƙasarmu ne ya tsara wannan. Kuma ɗan mai injin niƙa ne irinka, har tagwaye ne su ma.”

Da ma na taɓa ba shi labarin Hassan da injinmu. To daga ranar ya samu wurin zama. Duk lokacin da muka fito shan shayi tsakanin tiyata da tiyata, sai ya ɗauko mini labarin mutumin nan, yau kaɗan gobe kaɗan, kamar mai ba da labarin ƙaninsa.

Ya ce a birnin Prag aka haife su, ubansu mai arziki ne, yana da injin niƙa irin na da wanda ruwan kogi ke juyawa. Su biyun suka koyi sana'ar har suka zama gwanaye. Amma ɗayan zuciyarsa na wajen kiɗa, sai ya sallama wa ɗan'uwansa harkar injin, ya kama hanyar Italiya, inda a lokacin ake ji da wani wasan kwaikwayo da ake yin sa duka da waƙa, opera suke ce masa. Shi ne yake tsara kiɗan da muryoyin. Kafin ka ce kwabo ya yi suna. Manyan gidajen wasa suna rububinsa, masu sarauta suna aiko masa ya tsara musu na bukukuwansu, mawaƙa mata suna rigima a kansa. Sunansa ya gagari harshen Italiyawa, sai suka riƙa kiransa da sunan ƙasar da ya fito kawai. Da Karel ya zo nan a labarin sai ya nuna ni da cokalin shayi ya ce, “Nijiri.” Na ce ya bari, ba na so.

Abin da ya fi damun Karel shi ne ƙarshen mutumin, don ta hannun mai sana'a irin tasa aka lalata shi. Ciwo ya kama shi a fuska, wani likita ya ce zai ƙona wurin ya warke, ya ƙone masa hanci gaba ɗaya. Mutumin da da in ya shigo taro ake miƙewa, ya koma rufe fuska da ƙyalle. Wani matashin makaɗi da ya koyi abubuwa a wurinsa, wanda daga baya sunansa ya danne na kowa, ya je duba shi a asibiti ya fito hankalinsa a tashe. Bai daina aiki ba duk da haka, amma kasuwarsa ta fara ja da baya, wasansa ya faɗi a gaban jama'a, abin hannunsa ya ƙare don da ma ba mai tattali ba ne. A birnin Rum ya mutu, bai kai shekara arba'in da biyar ba, ba dangi a kansa, wani baƙo ne ma ya ɗauki nauyin binne shi. Na tambayi Karel ko ya taɓa komawa gida. Ya ce sau ɗaya dai aka tabbatar, lokacin da uwarsu ta rasu, ya je ya dawo.

Ni a lokacin labari kawai nake ji. Har tsokanarsa nake, in ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi, ban san da kaina nake ba.

Ana cikin haka Talatu, matar Baffanku, ta kira ni a ɓoye. Ashe an daɗe ana rufe mini. Duk sanda na kira Hassan na ji muryarsa ta yi ƙasa, sai ya ce gajiya ce. Ashe hawan jini da magungunan ciwon baya da yake ta haɗiya saboda ɗaga buhuna sun cinye masa ƙoda duka biyun. Wankin ƙoda ake kai shi yi har Zariya, a motar haya, yau na'ura ta yi aiki gobe ta lalace. Ta ce ƙafafunsa sun kumbura takalmi ba ya shiga, kuma ya rantse in ta gaya mini sai ta bar masa gida. Na nemi likitan da ke duba shi muka yi magana irin ta ma'aikatan lafiya, ba ɓoye-ɓoye. Ya ce jijiyoyin da ake sa masa allurar wankin suna mutuwa ɗaya bayan ɗaya, in ba dashen ƙoda aka yi ba, ba ya jin zai ga ƙarshen damina. Ya ce kuma a duniya ba wanda ƙodarsa za ta zauna masa daram kamar tawa.

Na fara neman a kawo shi Riyad a yi aikin a can. Asibitin, wanda shi ne kafil ɗina, wato mai riƙe da takardun zamana, ya ce inshorarsu ba ta san ɗan'uwa ba, mata da 'ya'ya kawai ta sani. Na ce to a ba ni hutu mai tsawo in je gida, don tsakanin gwaje-gwaje da aikin da jinya sai an ɗauki watanni. Na shiga ofishin mudir da safe, yana ta danna waya, bai ce in zauna ba.

“Ya Nijiri, ka riga ka cinye hutunka na bana. Wa zai riƙe mini ɗakin tiyata?”

“Ranka ya daɗe, ɗan'uwana ne, cikinmu ɗaya, rana ɗaya aka haife mu. Mutuwa zai yi.”

“Allah Ya ba shi lafiya. Kowa a nan yana da ɗan'uwa. Ko ka zauna, ko in buga maka fita ta ƙarshe. Ka je ka yi tunani.”

Fita ta ƙarshe kuwa kun san abin da take nufi. Iƙamarku, takardar zamanku, a jikin tawa take rataye. In na fita, ku ma kun fita, ke da Sadiƙu da mahaifiyarku, ba dawowa. Ke kuma Ummi kina ajin ƙarshe na sakandare, watanni suka rage ki zana jarrabawa, kin ɗora ranki a kan karatun likita, malamanki kuma sun ce za ki iya. In na jira ki gama, damina ta wuce. Gaba kura, baya siyaki.

Da na dawo gida bayan la'asar na zaunar da mahaifiyarku na gaya mata. Allah Ya jiƙan Zainabu, ba ta taɓa ɗaga mini murya ba sai ranar.

“Abban Ummi, ka aika a ci gaba da wankin mana. Watanni ne fa. Yarinyar nan ba ta san ko'ina ba sai nan.”

“Likita ya ce ba zai kai ba.”

“Likita Allah ne? In ka je aka yanka ka, kai ma wani abu ya same ka, mu kama wa?”

Ba ta yi ƙarya ba, ni ma tsoron ya kama ni, don na fi kowa sanin abin da ke faruwa a kan gadon tiyata. Ke kuma ashe kina bayan labule. Kika fito da littafi a hannu, idonki ya yi ja, Hausar ma ta gudu daga bakinki, kika juye Larabci kina cewa haramun ne abin da zan yi miki. Daga ƙarshe kika haɗa 'yar Hausar da kike da ita.

“Baba, ni 'yarka ce. Shi ɗan'uwa ne kawai.”

Wallahi kalmar “kawai” ɗin nan ta soke ni, har yau ina jin ta. Ban mare ki ba, ko da yake hannuna ya motsa. Na saka takalmi na fita masallaci.

Na yi kwanaki ina jujjuya abin, ina istihara, ina zuwa aiki kamar gawa. Karel ya lura, don sau biyu yana tambayata numfashin marar lafiya ina kallon bango. Da muka fito shan shayi ya ritsa ni, na zayyane masa komai. Na zaci zai ce in tafi ko in zauna. Sai ya juya kofinsa ya ce:

“Ni ba na ba da shawara, Husen. Dube ni. Tun gashina yana baƙi nake cewa baɗi zan koma gida.”

Can sai ya ce akwai abin da yake yawan tunani game da mawaƙin nan, wanda bai taɓa gani a rubuce ba, shi dai a ransa yake raya shi.

“Bayan an ƙone masa hanci, fuskarsa ta asali tana nan lafiya lau a Prag, a jikin ɗan'uwansa, tana yawo a cikin garin niƙa. Da ya hau keken doki ya je, da ya gan ta. Da ya samu mutum ɗaya a duniya da ba zai kawar da kai in ya cire ƙyallen ba. Amma akwai wani wasan da za a yi, bayansa akwai wani. Kullum akwai wani wasan.”

Ya kurɓi shayinsa ya miƙe, ya ce marar lafiya na jira. Ni kuma na zauna na kasa tashi. Ba mawaƙin na tuna ba, Hassan na gani kwance a bayan motar haya a hanyar Zariya da kumburarrun ƙafafu, yana ce wa matarsa kar a gaya mini. Na ga kaina ina cewa bayan jarrabawa, bayan jarrabawa kuma sai an ga sakamako, bayan sakamako sai an samu gurbin karatu. Washegari na koma ofishin mudir na ce ya buga. Ya ɗago ya kalle ni a karo na farko tun da na fara aiki a wurin, ya ce na tabbata? Na ce ya buga kawai.

Kun tuna yadda muka bar gidan Al-Badi'a. Kayan da muka tara shekara da shekaru muka rabar, wasu muka bari a bakin ƙofa. Sadiƙu yana kuka saboda kekensa. Ke ba ki yi kuka ba, kuma ba ki ce mini uffan ba tun daga filin jirgi har Kano. Karel ya zo sallama da tsakar rana, ya tsaya a ƙofa ya ƙi shigowa, ya miƙo mini hannu ya ce in gaida mai injin.

Abin da ba ku sani ba shi ne, da muka iso, Baffanku ƙi ya yi. Na same shi a zaure a kan tabarma, ya yi baƙi ya kumbura, na ga yadda zan koma in na kwanta ciwon ajali. Ya kalle ni sama da ƙasa.

“Uban wa ya ce ka zo?”

“Ubanmu ɗaya, sai ka zaɓa.”

“Ka kwaso yara ka baro aikinka saboda ni? Usaini, ba ka da hankali. To wallahi ba za a yanka ka a kaina ba. Ka koma inda ka fito.”

“Ba hanyar komawa, na rufe ta.”

Ya juya mini baya ya fuskanci bango. Kwana da kwanaki muna wannan, malamai sun yi magana, abokai sun yi, ya ce shi ya karɓi ƙaddararsa. Raina ya ɓaci matuƙa, na ce wato na zubar da karatun 'yata a banza ke nan. Sai Allah Ya tuna mini da Inna mahaifiyarmu, wadda kika ci sunanta. A al'adar mutanenmu ba a fifita ɗaya cikin tagwaye. In an ɗinka wa Hassan riga sai an ɗinka wa Usaini irinta, in ba haka ba a ce fushinsu zai taɓa gidan. Inna ta riƙe wannan kamar farilla. Ƙosai ɗaya in ya rage a kwano, sai ta sa farce ta raba shi biyu, ta auna a tafin hannu. Na je na zauna a gefen tabarmarsa.

“Hassan, ni ina da biyu, kai ba ka da ko ɗaya. Da Inna na da rai, me za ta yi?”

Sai na ga kafaɗarsa tana rawa. Tun muna yara rabon da in ga hawayensa.

“Da ta raba,” in ji shi.

“To tashi a je a raba.”

A Kano aka yi aikin, kuma ya yi kyau. Ƙodar ta kama aiki tun kafin a fito da shi daga ɗakin. Ya saɓe, ya koma cin tuwo da hannu biyu, ya koma bakin injinsa duk da na hana shi. Ni na samu ɗan aiki a wani ƙaramin asibiti a gari, in na tashi sai in biya in zauna a kan buhu, muna ihu a kunnen juna saboda ƙara, muna musu a kan abin da bai kai ya kawo ba. Damina uku muka yi a haka. A ta huɗu hawan jinin nan ya buge shi yana tsaye yana zuba masara, kafin a kai shi asibiti rai ya yi halinsa. Ni na yi masa wanka da hannuna, ni na sa shi a kabari.

Abin da ya same ki kuwa, Ummi, ina gani, ba makaho ba ne ni. An mayar da ke baya aji biyu saboda takardunki na Larabci ne. 'Yan ajinku suna kwaikwayon Hausarki suna ce miki Balarabiyar Funtuwa. Kika zana jarrabawa da Turancin da ba ki taso da shi ba, ba ki samu abin da ake nema ba, karatun likita ya wuce ki har abada. Mahaifiyarku ba ta ƙara sakewa ba har ta koma ga Allah. Karel mun ɗan yi ta gaisawa a waya, daga baya lambarsa ta daina shiga, ban san ko ya koma Prag ko a Riyad ƙasa ta rufe masa ido ba. Ranar sadakar uku ta Baffanku kuma, ina zaure kina tsakar gida, na ji kin ce wa wata, “To me aka yi ke nan?” Ba ki san na ji ba.

Shi ne nake ba ki amsa yau. Abin da aka yi shi ne ɗan'uwana bai mutu a bayan motar haya yana ɓoye mini ciwonsa ba. Ya mutu a bakin sana'arsa, da ƙoshi, ni kuma ina garin. Ke kika biya kuɗin wannan da karatunki, ba da shawararki ba, na sani, kuma yana ci mini rai kullum. Amma ba zan yi miki ƙarya don ki huce ba: an ajiye mini ke da shi, na ɗauke shi. In aka mayar da ni ofishin nan gobe, abin da zan ce wa mudir ke nan.

Dalilin da ya sa na zauna rubutun nan yanzu kuwa, watan jiya na je gwaji. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. Ƙoda ɗayar da ta rage mini ta fara gajiya, likita ya ce in fara shirin hanyar Zariya. Ban gaya wa kowa ba sai a wannan takarda. Na san halinki, duk fushin da kike yi da ni, kina gama karantawa za ki ɗauki mayafi ki tafi a gwada jininki, ki ja Sadiƙu a baya. To na haramta muku, ku duka biyun. Na riga na karɓi abu ɗaya a hannunki ba da izininki ba. Ba zan karɓi na biyu ba.